Jarkoki Huɗu a Ƙasar Ruwan Sama

Ido ne ya kai ni Kuala Lumpur. Yanar ido ta rufe mini na dama gaba ɗaya, na hagu ma ya fara hazo, sai ɗana na fari ya aiko a kawo ni a yi mini aiki a can. Sunansa Habibu. A takarda nake iya rubuta sunan, da baki ban taɓa kiransa ba, don kuwa haka muka tashi muka ga ana yi wa ɗan fari. Malam nake ce masa. Karatu ne ya kai shi, da ya gama suka riƙe shi yana koyarwa a wata jami'a a Bukit Jalil. Ni kuwa a aji huɗu na firamare na tsaya, sauran karatuna a bayan sitiyari na yi shi. Shekara talatin da ɗoriya ina jan babbar mota daga Kano zuwa Damagaram, zuwa Agadas, wani lokaci har Dirku. Wanda ya ga rubutun nan ya karkace, ya yi mini uzuri.

Cheras

A wannan unguwar Habibu da iyalinsa suke zaune, a hawa na goma sha bakwai. Mako biyu na farko idona a rufe yake da bandeji, ba abin da nake ji sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki da ƙarar jirgin ƙasa yana wucewa a kan gada. Da aka cire bandejin na ga garin tar, amma ban ga inda mutum zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida a gaishe shi ba. Da la'asar nakan tsaya a taga ina kallon ruwan sama ina lissafin wa da wa suke zaune a benci a ƙofar gidana yanzu, wa ya kawo goro, wa yake musu.

Matar Habibu, Rukayya, ba ta rage ni da komai ba. Har dakakken yaji ta nemo mini. Jikokina biyu ne. Babbar shekararta tara, sunan marigayiya matata aka sa mata, ana kiranta Ummi, ni kuma amarya nake ce mata. Ƙaramin shekararsa shida, sunana aka sa masa, don haka Takwara nake kiransa. Yana da ciwon asma. Suna jin Hausa, amma da Turanci suke mayar da amsa, wani lokaci da yaren ƙasar.

Habibu shi yake ɗiga mini magani a ido da hannunsa safe da yamma. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma na lura da abu guda: bai taɓa barina ni kaɗai da yaran ba. In za su fita shi da Rukayya, sai a kai su gidan maƙwabta, alhali ina zaune. In na ce zan sauka da Takwara wurin lilo, sai ya ajiye abin da yake yi ya ce shi ma dama yana son shan iska. In ya dawo daga aiki ya tarar da ɗayansu a cinyata, sai ya ɗauke shi cikin wasa, amma ina ganin idonsa yana bin hannun yaron da bayansa.

Na san dalili. Yana shekara goma sha ɗaya na ɗauke shi a hutun makaranta zuwa Dirku, wai ya ga yadda ake neman abinci. Kwana biyu da barinmu Agadas, da hantsi, na tarar da salkar da muke ratayewa a jikin mota ta zube, ko ɗigo babu. Shi ne na ƙarshe da ya sha. Ban tambaye shi komai ba. Na zaro tsohon fambel na dake shi a gaban fasinjoji, sannan na ɗora shi a saman kaya na ce ba zai sha ruwa ba sai la'asar, alhali muna da durom biyu a cike. Da aka sauko da shi bai san inda yake ba. Da yamma ina duba salkar sai na ga ɗinkin gindinta ne ya ɓalle. Na zaga bayan mota na ɗinke abata, ban gaya wa kowa ba. Daga ranar yaron bai ƙara yi mini surutu ba.

Saura mako biyu in koma gida, kuma abin da nake so a duniya shi ne ko sau ɗaya ya miƙa mini 'ya'yansa ya juya baya.

Ummi ce ta kawo maganar tafiya. Ta ga wasu Turawa a waya sun kafa tanti da 'ya'yansu a wata hamada mai jajayen duwatsu, ta zo ta tsaya a gabana ta ce, "Kaka, da gaske ka taɓa kwana a desert?"

Na ce, "Amarya, na fi shekarunki ina kwana a can."

Ta ce to ita ma sai an kai ta. Rukayya ta yi dariya ta ce a ƙasar nan ba hamada, sai dai daji, akwai wani babban dajin gwamnati da ake kira Taman Negara inda mutane suke kafa tanti. An yi hutun makaranta, Habibu ya ce to, kwana biyu. Maƙwabcinsu Danjuma, mutumin Kafanchan, shi ya ara mana tanti. Shi ne kaɗai a duk benen nan da yake russunawa ya ce mini "Baba, ina gajiya". Da ya kawo jakar ya yi wa Habibu dogon bayani da Turanci, ni ban ji ko kalma ba.

Masjid India

Ranar Juma'a bayan mun fito daga Masjid Jamek, Habibu ya shiga wani kanti saya wa yara takalma, ni ina tsaye a waje. Wani saurayi ya matso ya ce, "Sannu Alhaji." Daɗin jin Hausa a bakin baƙo ya sa na gaya masa duk labarina, har da dajin da za mu je. Ya ce ai dajin nan matsattsaku ne ya cika shi, amma yana da wani mai da in ka shafa ko kusa ba sa zuwa. Na sayi kwalba biyu, ina jin daɗin na yi wa jikokina wani abu. A gida Rukayya ta buɗe ta shinshina, ta juya baya kafaɗunta suna rawa. Man kwakwa ne, irin wanda take soya ƙwai da shi. Ta ce kada in damu, dama nata ya kusa ƙarewa.

Lodi

Ranar tafiya da safe na ce a bar mini lodi, aikina ne. Habibu ya dube ni, sannan ya miƙo mini makullin mota. Wannan ne abu na farko da ya ba ni amana tun zuwana, sai na ce a raina yau zai ga aikin ubansa.

Suna sama suna shirya yara, na cika jarkoki huɗu da ruwan famfo, na sauko da su ɗaya bayan ɗaya. A wurinmu ruwa ne farkon lodi, kome ya biyo baya. Da na jera su sai but ɗin motar ya ƙi ɗaukar sauran kaya. Na buɗe jakar tanti don in ga abin da za a rage. Na tarar da ƙarafa, da ƙyalle biyu. Ɗaya marar nauyi mai raga-raga kamar gidan sauro, ɗayan kuma mai kauri kamar leda. A hamada abin da kake nema a tanti inuwa ne da iska, mai kaurin nan sai ya dafa mutum. Na ɗauka na canji ne. Na naɗe shi na hau da shi na tura bayan kantar takalma, na dawo na rufe but da hannu ɗaya. Mako shida ina kallon ruwa yana zuba a garin nan kusan kullum, amma hannuna abin da ya saba ya yi.

Hanyar Karak

Ban taɓa ganin hanya irin wannan ba. Ta hau duwatsu, ta shige cikin wani dogon rami a cikin dutse, ta fito, ko'ina kore shar har ido ya gaji. Ina gaba, ƙafata tana ta taka birkin da babu shi. Ummi ta gani ta tona mini asiri, na ce amaryar da take tona asirin miji sakinta ake yi, ta ce ita ma dama ba ta son miji marar haƙori. Har Habibu sai da ya murmusa.

Mun tsaya a wani wurin hutawa muka ci shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa. Takwara ya koya mini kalma ɗaya ta yaren ƙasar, "boleh", ya ce ma'anarta za a iya, kuma duk abin da aka tambaye ni in faɗe ta. Daga nan sai gonakin kwakwar manja, layi bayan layi, ba iyaka. Na ba yaran labarin yadda muke haƙa rami a yashi mu kwanta don sanyi, da yadda ake gasa burodi a cikin toka. Rabin labarin Rukayya take juya musu. Habibu bai sa baki ba, kuma na lura ko sau ɗaya bai gaya musu shi ma ya taɓa zuwa ba.

Jerantut

A wannan garin muka yi sallar azahar. Habibu ya buɗe but zai ɗauko biskit, ya ga jarkokin. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce a hankali, "Baba, akwai famfo a can." Na ce direba ba ya dogara da famfon da bai gani ba. Ya ɗauki biskit ɗin ya rufe but.

Kuala Tahan

Ƙauye ne a bakin wani kogi mai faɗi, ruwansa ja kamar shayi da madara, dajin kuma yana ƙetare, itatuwan sun yi tsawon da sai ka riƙe hula. Aka ajiye mota a kan tudu muka gangara da kaya filin da ake kafa tanti. A bakin ƙofar filin famfo ne yake ta zuba, ko mai rufewa babu. Ummi ta nuna shi, ta nuna ni, ta faɗi ƙasa don dariya. Na bar jarkokina a mota.

Muka kafa tanti, ni ina buga turaku. Aka shimfiɗa katifu da barguna da jakunkunan tufafi a ciki. Sai na ji Habibu yana ce wa Rukayya a bar rigar ruwan tantin, ƙyallen nan mai kauri, a jaka sai yamma, don ɗakin ya sha iska. Ta ce to. Na tsaya da guduma a hannu. A lokacin na gane abin da na tura bayan kantar takalma. Na ɗaga kai, sama fes, ba gajimare ko ɗaya. Na ce a raina wataƙila yau ba za a yi ba, gobe kuma Allah ya kai mu. Na ci gaba da buga turke.

Muka ƙetare kogin a kwalekwale mai inji, muka shiga dajin a kan wata hanyar katako. Ciki duhu-duhu da danshi, ƙwari suna kuka kamar injin niƙa. Matsattsaku ya kama Rukayya a idon sawu, Ummi ta ce a shafa mata man Kaka. Takwara ya riƙe mini ɗan yatsa yana nuna mini tururuwa mai girman kunama, ubansa yana bayanmu taku biyu. Duk wannan da rabin zuciya na gan shi. Sau uku na buɗe baki zan yi magana, sau uku na rufe.

Muna dawowa tsakiyar kogi hadari ya taso daga bayan itatuwa. A hamada kana ganin hadari tun yana tafiyar wuni. A nan kafin mu hau gaɓa ya rufe mu. Habibu ya ruga ya zazzage jakar tanti, ba komai sai ragowar igiya. Ruwan ya sauko kamar ana juye durom, yana ratsa ragar nan kai tsaye kan katifu da tufafi. Mota tana can kan tudu, hanyar ta zama rafi. Cikin ɗan lokaci Takwara ya jiƙe sharkaf, haƙoransa suna haɗuwa, ƙirjinsa ya fara fito. Rukayya ta tsuguna a kansa ta rufe shi da jikinta tana laluben maganin shaƙarsa.

A nan na fara jin Habibu ya ɗaga murya. Ya ce da ita ai ita ta karɓi jakar a hannun Danjuma, me ya sa ba ta duba ba, ga yaro da ciwo. Ta ce, "Ka yi haƙuri, laifina ne, ban duba ba." Ina tsaye a gefensu ruwa yana bin gemuna, ban ce komai ba.

Wani dattijo ɗan ƙasar ne ya cece mu. Shi da iyalinsa suna ƙarƙashin wani babban shuɗin tamfol kusa da mu, ya fito cikin ruwa ya sungumi Ummi, ya yafito mu. Matarsa ta cire wa Takwara jiƙaƙƙun kaya ta naɗe shi a zani, aka shaƙa masa magani, aka ba shi shayi mai zafi. Muka zauna muna sauraron numfashinsa, a hankali fiton ya ragu, har ya nemi biskit. Dattijon ya tambaye ni wani abu, na ce "boleh", iyalinsa duka suka fashe da dariya. Ashe tambayata ya yi daga wace ƙasa nake. Daga baya ya ga hannuwana, ya kwatanta sitiyari, na gyaɗa kai. Ya bugi ƙirjinsa: shi ma babbar mota ya ja, ta gungumen katako. Muka zauna kafaɗa da kafaɗa, ba mai jin wani.

Kafin magariba ruwan ya tsagaita. Habibu ya koma wurin tanti yana fito da barguna yana matsewa, Rukayya tana tayawa, ba mai kallon wani. Na tashi na same su.

Na ce, "Rukayya, ba laifinki ba ne. Ni na cire rigar tantin da safe don jarkoki su shiga. Tana bayan kantar takalma. Tun muna kafawa na gane, na yi shiru. Ki yafe mini."

Ta ce haba Baba, ba komai, Allah ya riga ya tsare. Habibu ya dube ta ya ba ta haƙuri, ta ɗauki bargo ɗaya ta koma wurin yara, don mace ce mai hankali.

Muka rage mu biyu. Yana riƙe da gefen bargo, na kama ɗaya gefen muka murɗa tare, ruwa yana zuba a ƙafafunmu. Na ce, "Malam, akwai wata kuma. Salkar nan ta hanyar Dirku. Ba kai ka bar ta a buɗe ba. Ɗinkinta ne ya ɓalle. A ranar na gani."

Bai saki bargon ba. Ya ce, "Na sani, Baba. Ina kwance a ƙarƙashin mota na ga kana ɗinke ta."

Shekaru talatin ina tsammanin ni kaɗai nake ɗauke da abin nan. Ya ce dukan bai daɗe yana masa ciwo ba, ƙishirwar ma ya manta da ita. Abin da ya tsaya masa shi ne da gari ya waye ya jira in ce wani abu, sai na miƙa masa shayi na ce ya yi sauri. Ya ce ya jira har Dirku, ya jira har muka dawo Kano. Yana faɗa muryarsa ba ta tashi ba, kamar mai ba da labarin wani.

Na ce, "Na zalunce ka. Ka yafe mini."

Ya ce, "Allah ya yafe mana gaba ɗaya." Ya karɓi bargon ya shanya a kan igiya, ya ce lokacin salla ya yi. Ban iya gane ko yafewar ce ko ladabin da ya saba ba ne. A ɗan masallacin filin muka kwana, da zannuwan aro.

Da safe rana ta fito, amma ba irin ranar da take busar da kaya ba ce. Habibu ya ce sai an koma Jerantut, akwai shagon da injin yake busar da tufafi, kuma a sayo tamfol. Tafiyar fiye da awa guda ce, dawowa haka. Rukayya ta tattara kaya, aka ce yara su sa takalma. Ummi ta ce ita ba inda za ta, ta gaji da mota, kuma Kaka ya yi alkawarin nuna musu gashin burodi a toka. Takwara ya ce shi ma. Na sunkuyar da kai ina gyara igiyar da ba ta lalace ba, don kada a ce ni na zuga su.

Habibu ya tsaya da makulli a hannu. Ya dubi kogin, ya dubi yaran. Sannan ya buɗe jakar Rukayya ya ciro maganin shaƙar, ya zo ya tsuguna a gabana. Ya nuna mini yadda ake girgiza shi, da inda ake dannawa, ya ce sau biyu, in bai lafa ba a ƙara biyu, in ya ƙi in kira shi, Ummi ta iya wayar. Ya sa na gwada a gabansa har sau uku. Ya ce kada su kusanci ruwa. Ya juya wurinsu ya ce, "Ku ji maganar Kaka." Suka hau tudu shi da matarsa, bai waiwayo ba.

Awa uku da rabi suka yi. Ban zauna ba ko sau ɗaya. Maganin yana hannuna na dama har ya yi gumi, kuma duk tarin da Takwara ya yi sai na matsa kusa da shi. Itacen ya jiƙe, wutar ta yi ta hayaƙi, dattijon jiya ya kawo mana gawayi da fulawa. Burodin ya fito baƙi a waje, ɗanye a ciki, Ummi ta ce lallai mutanen hamada suna shan wahala. Duk da haka suka cinye, fuskarsu duk toka.

Da na ji ƙarar motar a kan tudu na tara su kusa da ni, na kakkaɓe musu riga, na tsaya ina jira ya zo ya duba su. Ya gangaro da naɗaɗɗen tamfol a kafaɗa, ya wuce ta gabansu, ya shafa kan Takwara bai ko tsaya ba. Ya jefar da tamfol ɗin kusa da tanti, ya warware igiya, ya jujjuya ta a hannu.

Ya ce, "Baba, zo ka ɗaure mana wannan. Ban iya ɗaurin ba."

Na miƙa wa Rukayya maganin, na je na kama igiyar.